Daga Ƙofar Doka Zuwa Samaru a A-kori-kura: Abin da Littafin Yaya Ya Nuna

Ranar da yayana ya shigo unguwarmu da farar Hilux, cikin watan Fabrairun 2023, yara suka yi ta bin ta da gudu har bakin masallaci, domin nan ne iyakar inda za ta iya kaiwa. Lungun gidanmu yana cikin birnin Zariya, in ka shigo ta Ƙofar Doka ka nutsa ciki, kuma tun zamanin jaki da doki aka yanka shi. Corollar da ya sayar ya yi ciko ya sayi wannan takan shiga, a matse dai, sai an naɗe madubi. Wannan kuwa ko gwadawa bai yi ba. Ya kashe ta a gindin dalbejiya, ya sauko fuska cike da fara'a, ya miƙo mini makulli ya ce, "Auta, daga yau na daina roƙon direbobi."

Na taya shi murna har cikin zuciyata, kuma har gobe ina ganin dalilinsa. Amma bayan kusan shekara biyu mun zauna ni da shi a zaure, da wani ɗan littafin rubutu na 'yan firamare wanda ya riƙa rubuta kowace lita da kowace tafiya a ciki, muka yi lissafin da ya kamata a ce an yi tun kafin a sayar da Corollar. Da izininsa nake rubuta wannan, saboda abin da ya dame shi yana damun ma'aikata da yawa a garin nan masu taɓa noma. Kuɗin mota ɗaya gare ka, kullum kana zuwa ofis, ga kuma gona. Ƙaramar a-kori-kura za ta riƙe maka duka biyun?

Asalin maganar

Yaya ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke Samaru. Hanyarsa ta kullum duk ɗan Zariya ya san ta: ya fito ta Ƙofar Doka, ya sauke yara biyu a makaranta a Tudun Wada, ya tsallaka gadar Kubanni zuwa PZ, ya ɗauki hanyar Sakkwato ta Kwangila da Palladan da Zango har Samaru. Zuwa da dawowa, da ɗan ratsen makarantar yara, mitar motarsa tana nuna kilomita 36. Kwalta ce daga farko har ƙarshe, sai dai ba ta sakin ƙafa. Da safe ga cunkoson keke Napep da 'yan acaɓa a Tudun Wada, ga motocin haya masu tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ga manyan motoci a Kwangila inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da ta Funtuwa. Tafiya ce ta giya ɗaya, giya biyu, birki, a sake.

Gonarsa ta gado ce, bayan an wuce Shika a hanyar Giwa, a sauka daga kwalta a yi 'yar tafiya a burji. Masara yake yi da waken suya. Abin da ya ingiza shi ga a-kori-kura ya faru ne a kakar 2022. An sussuke masara, an ɗura a buhuna an ɗinke, direban da ya karɓi kafin-alƙalami ya ce zai zo Asabar, bai zo ba sai Talata, don a irin lokacin kowa nemansu yake, wanda ya fi sakin hannu shi ake fara yi wa. A tsakanin nan ruwan bankwana ya sauka cikin dare. Buhu bakwai suka sha ruwa, sai da aka farke su aka sake shanya, wasu har sun fara baƙi. Ga kuɗin samarin da ya sa suka kwana gadi. Wanda bai taɓa tsayawa a gona yana kallon hadari na haɗuwa a kan wahalarsa ta wata biyar ba, ba zai gane zafin da Yaya ya dawo da shi gida ran nan ba.

Akwai kuma abin da bai faɗa ba, amma duk gidan mun sani. Marigayi Baba ya yi Peugeot 404 a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Da ita yake dakon auduga da gyaɗa, kuma Yaya a bayanta ya tashi, zaune a kan buhuna iska na kaɗa masa riga. Ni ban riske ta ba sai a hoto.

A Kaduna ya samo Hilux ɗin, ta hannu, ƙirar 2008, mai gida biyu da ƙofa huɗu, injin fetur mai lita 2.7, giyar hannu, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja. A cikin dangin motocin dako ita ƙarama ce. In aka jera ta da Corolla kuwa, babu ƙanƙanta a tare da ita, kuma daga nan duk sauran maganar ta taso.

Motar da aka ƙera don nauyi

Tun makon farko matarsa ta ce ƙugunta na ciwo duk ranar da ta zauna a kujerar baya. Yaya ya zaci shokazoba ce ta mutu, ya kai wa bakanikensa a Sabon Gari. Mutumin ya danna bayan motar da hannu biyu, ko gezau ba ta yi ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya nuna masa da sifana ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Wannan ai raƙumi ne, sai da kaya yake tafiya daidai."

Gaskiya ya faɗa. Ita Corolla bodinta da ƙashinta abu ɗaya ne, kuma sifirin ɗinta nannaɗaɗɗe ne mai laushi, don ɗaukar mutane aka yi shi. Hilux kuwa bodinta a ɗore yake kan shasin ƙarfe mai siffar tsani, a baya kuma dogayen farantan ƙarfe ne aka jera bisa juna, an yi su don su riƙe kusan tan guda. In bayan fanko ne babu abin da zai lanƙwasa su, sai duk ramin da taya ta faɗa, da duk tudun rage gudu da aka haye, ya wuce kai tsaye zuwa gadon bayan wanda ke zaune. Ranar da ya fara ɗora mata buhun taki goma, wato kilo 500, ya kira ni yana cewa kamar an canza masa mota, tafiya sumul. Matsalar ita ce wannan sumul ɗin sau nawa yake samu a shekara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru cikin watan Agustan shekarar, ina zaune a gaba kusa da shi. Mun taso daga Samaru bayan la'asar ana yayyafi, irin wanda ba ya wanke kwalta, sai dai ya kwaɓa ƙura da baƙin man da manyan motoci suka ɗigar. Muna shan kwana a Kwangila, yana giya biyu, ya ɗan taka totur don ya wuce gaban wata tirela da ke shirin tasowa. Sai na ji bayan motar ya tafi gefe shi kaɗai, kamar an ja tabarma daga ƙarƙashinmu. Wani mai rake da ke bakin hanya ya saki wuƙarsa ya yi tsalle baya. Allah Ya taimaka Yaya ya ɗage ƙafa bai danne birki ba, motar ta yi wutsil-wutsil ta dawo daidai. Muka gangara gefe muka tsaya. Hannunsa na rawa a kan sitiyari, ba abin da yake maimaitawa sai Innalillahi. Gudunmu bai kai arba'in ba.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya duba ƙirar. Inji da nauyinsa suna gaba, tayoyin da ke tura motar suna baya, kuma babu komai a kansu. A Corolla injin zaune yake a kan tayoyin da ke ja, shi ya sa take riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta. Ƙari a kan haka, mai faci ya cika wa tayoyin baya iska irin ta ranar dako, alhali takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta bambanta iskar mota da kaya da ta mota fanko. Daga ranar aka rage iskar, kuma buhun yashi biyu suka tare a bayan motar, daidai saitin tayoyin. Hakan ya rage tsalle da zamiya sosai. Sai dai kilo ɗari ne da yake kaiwa Samaru ya dawo da shi kullum, kuma da mai ake jan sa.

Sai maganar girma. Tsawon Hilux ɗin ya ɗan haura mita biyar da kwata, na Corolla mita huɗu da rabi ne. In za ta juya ta koma inda ta fito tana neman fili kimanin mita 12, ita kuwa Corolla ba ta kai 11 ba. A takarda bambancin kaɗan ne. A titin Tudun Wada da ƙarfe bakwai da rabi na safe, shi ne bambancin wanda ya juya sau ɗaya ya tafi da wanda sai ya yi ribas, 'yan acaɓa na ta danna masa oda. A kasuwar Sabon Gari wurin fakin da zai ishe ta sai an zagaya. A gida kuwa tana kwana a bakin masallaci, ana biyan maigadin layi duk wata, kuma duk cefanen da aka yo sai an ɗauke shi a hannu an ratsa lungu.

Wadda abin ya fi shafa Inna ce. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma Yaya ke kai ta ganin likita a Shika. Da, Corolla har ƙofar zaure take zuwa, ta ɗan sunkuya ta zauna. Yanzu sai ta taka har masallaci tana dafa bango, sannan a ajiye mata kujera 'yar tsugunno a ƙasa, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta kama hannun ƙofa, ni ina riƙe da kafaɗarta, ta yi bisimilla ta ja jiki. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Amma kujerar nan ta zama kayan motar, tana bayan kujerar direba har yau.

Mutane kan ga faɗin bayan a-kori-kura su zaci wurin ajiya ya wadata. Ga mai zuwa aiki ba haka abin yake ba, domin ba ta da but mai kullewa. Da hunturu abin da ka sa a baya zai iso Samaru ya yi fari fat da ƙura. Da damina sai da tamfol. Ya taɓa barin jarkar man gyaɗa a baya ya shiga sallar Magariba a hanya, ya fito babu ita. Tun daga nan duk abin da ke da daraja cikin gida ake cusa shi, yara na zaune da jakunkuna da ledoji a cinya, bayan mota kuwa yashi ne kawai.

Ba zan zalunce ta ba, tana da nata alherin har a cikin gari. Kana zaune a sama kana hango abin da ke gaban motar gabanka. In ruwa ya kwanta a hanya bayan mamakon Agusta, ƙananan motoci na tsayawa suna auna zurfi, ita tana wucewa. Ramin da zai fasa wa Corolla taya ko ya bugi ƙasanta, ita ko a jikinta. A shekara biyu bai taɓa ƙafarta ta gaba ba, alhali Corollar kusan duk bayan damina sai an canza mata wani abu a ƙafa. Injin nan kuma babu bakaniken da bai san shi ba, kayan gyaransa suna nan a Sabon Gari, kuma mota ce da ba ta faɗuwa a kasuwa.

Littafin

Lokacin da ya saye ta, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, ko da yake a gidajen man 'yan kasuwa ana sayarwa fiye da haka. Ya san za ta fi Corolla shan mai, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne wata uku kacal suka rage wa wancan farashin. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki. Cikin kwanaki lita ta haura 500, a watan Yuli ta haura 600, zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. A farkon 2024 ne ya fara rubutu a littafin, da ya ga albashi na ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma bai gane inda kuɗin ke bi ba.

Ga abin da muka samu. A hanyar ofis lita ɗaya tana kai Hilux ɗin kilomita 8, in ba a kunna na'urar sanyaya ba. Corollar a wannan hanyar tana yin 12. Kwanakin aiki 22 a wata, kilomita 792 ke nan: lita 99 a Hilux, 66 a Corolla. Bambancin lita 33 ne duk wata. A tsohon farashi bai kai naira dubu bakwai ba, mutum zai iya kau da kai. A naira 1,000 kuwa dubu 33 ne, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Da muka cire hutu da ranakun sallah, ya je aiki da ita sau 228 a shekarar, rarar man da ya ƙona ta kama lita 342.

Sai muka ƙirga ranakun da ta yi aikin da aka saye ta dominsa, wato ta ɗauki kayansa da Corolla ba za ta iya ba. Kai taki sau uku, kwaso masara da waken suya sau tara, sauran huɗun kai amfani kasuwar Giwa ne da ɗauko buhunan dusa. Kwana 16. Yaya ya sake ƙirgawa da yatsa a kan shafi, don bai yarda ba. Goma sha shida ne dai.

A nan ne lissafin ya ba ni mamaki, don na zo da tunanin zai yi masa kaca-kaca. In aka ƙaddara kowace tafiya ta ci naira dubu 20 a hannun direban haya, sau 16 dubu 320 ke nan. Rarar mai kuwa, in aka lissafa kowace lita a naira 1,000, dubu 342. Kusan kunnen doki. Ashe a kan mai kaɗai Yaya bai yi wata babbar asara ba, kuma ya sayi kwanciyar hankalin da babu direban da zai sayar masa: a kakar 2023 da ta 2024 ko buhu ɗaya bai kwana a gona ba.

Abubuwan da suka karkatar da ma'aunin ƙanana ne, taruwa suka yi. Juyen baƙin mai a Corolla galan ɗaya na lita huɗu ya kusan isa, Hilux kuwa tana neman kusan shida. Tayoyinta manya ne, na dako, kuma tafiyar ofis ce ke cinye su. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000, ta motar ɗaukar kayan kai 20,000. A hanya masu sayar da sitika sukan tare shi su nemi takardun motar kasuwa, sai ya yi ta bayanin cewa aiki za shi, babu komai a baya, ga shi yana neman makara. Kuma farar Hilux tana jan ido, wasu su ɗauke ta ta hukuma, wasu ta mai hali. A yankin Giwa da ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, wannan ba abin so ba ne, shi ya sa ba ya bari la'asar ta same shi a gona.

Amma shafukan da suka fi nauyi su ne waɗanda ya sa wa alamar tauraro, ranakun da motar ta yi aikin wani. Guda 37, sun ninka nasa har da ɗori. Jeren amarya daga Tudun Jukun zuwa Dogarawa. Kujeru da rumfar walima. Ragunan layya na gida huɗu. Ƙaurar abokin aiki. Tankin ruwa, kwanon rufi, simintin gyaran Islamiyyar unguwa. Sau biyar an ɗauki makara zuwa maƙabarta, kuma da na zo kansu ya dafa hannuna ya ce, "Auta, wannan ba ya cikin lissafi, kada ka sa." Na cire, saura 32. A cikinsu mutum tara ne suka zuba mai. Mai ƙaramar mota ana roƙonsa ya rage wa mutum hanya, mai a-kori-kura kuwa yininsa gaba ɗaya ake roƙo, kuma a cikin birni, inda kowa ɗan'uwa ne ko suruki ko almajirin kakanka, cewa a'a ba ƙaramin abu ba ne. Wani ya are ta ya lafta mata bulo fiye da ƙima, farantin sifirin ɗaya ya tsage, ya dawo da ita ya yi godiya ya tafi. Abin da aka ƙayyade mata, har da mutanen da ke ciki, bai wuce tan ɗaya ba, wato buhun masara takwas da direba da yaron mota. Wanda ya ara ba ya ƙirga wannan.

Abin da aka yanke

Ni shawarata a daren ita ce ya sayar, ya koma ƙaramar mota, ya riƙa kama direba tun kafin kaka ya biya shi da kyau. Ya yi shiru, na san bai karɓa ba. Bakanike ya taɓa ba shi shawarar a mayar da ita mai amfani da gas, amma da ya auna inda tukunyar za ta zauna sai ya ga za ta cinye wurin buhuna a bayan, ya fasa. Babur kuma matarsa ta ce sam, ba a hanyar Kwangila ba.

Inna ce ta warware, tana daga ƙofar tsakar gida tana jin mu. Ba ta kiran sunan Yaya ko ta dube shi da magana, kasancewarsa ɗan fari, don haka ni ta fuskanta. Ta ce, "Auta, mahaifinku ai bai taɓa zuwa rumfarsa da Fijo ba. Kekensa yake hawa. Ita sai ranar da akwai kaya ake tayar da ita."

Daga watan Fabrairun 2025 Yaya ya shiga karo-karo da abokan aikinsa biyu da ke zaune a cikin birni. Litinin zuwa Alhamis a ƙaramar motar ɗayansu suke tafiya, su raba mai uku, rabonsa lita 18 a wata. Juma'a yakan fita da Hilux, don batir ya samu caji, ya kuma ɗauke su su ma, wata lita 18 ke nan. Daga 99 ya dawo 36. Yara kuma an yi musu yarjejeniyar wata da wani mai keke Napep na unguwa, wanda ya ci wani abu daga abin da aka rage, amma bai cinye ba. Ranar da aka kwana ana ruwa, shi ke fito da tasa ya kwashi kowa. Ya rasa 'yancin tashi daga ofis lokacin da ya ga dama, kuma wannan yana damunsa, ya faɗa mini ba sau ɗaya ba. A kan aro ya kafa ƙa'ida: gawa da mara lafiya ko tsakar dare ne a buga masa ƙofa, biki da ƙaura kuwa a zuba mai, kuma shi ko ni za mu tuƙa. Mutum biyu sun yi fushi, ɗaya har yanzu gaisuwarsu sama-sama ce.

Yanzu ina ganin ya fi ni gaskiya da ya ƙi sayarwa. Kuskuren tun farko ne, da aka sa mota ɗaya ta yi aikin biyu alhali ɗaya aikin kwana 228 ne, ɗayan 16. Akwai maƙwabcinmu mai kiwon kaji a bayan gari, wanda kusan kullum in bai fita da kiret ɗin ƙwai ba zai dawo da buhunan abinci. Shi a-kori-kura ita ce motar zuwa aikinsa, kuma ta dace da shi ɗari bisa ɗari. Haka wanda ya yi gini a sabbin unguwannin da kwalta ba ta kai ba, wanda kullum damina sai ya ratsa taɓo kafin ya hau titi. Ma'aikacin da hanyarsa kwalta ce, kayansa kuma na kaka ne, zai yi ta biyan kuɗin nauyin da bai ɗauka ba.

A Amurka tun 2021 an fito da wani salo, irin su Ford Maverick da Hyundai Santa Cruz, masu ƙirar ƙaramar mota, bodi da ƙashi a haɗe, sifirin mai laushi, da ɗan gajeren akwati a baya. Maverick ma akwai mai haɗa fetur da batir, wadda lita ɗaya ke kai ta fiye da kilomita 15. Don mai zuwa ofis da ke taɓa ɗan kaya aka yi su. Amma a kasuwar motocin hannu da ma'aikaci irin Yaya zai iya taɓawa, abin da ke gabansa Hilux ce da L200 da Frontier da Ranger da Tacoma, kuma duk 'yan ɗaki ɗaya ne a ƙira: shasi, farantan ƙarfe a baya, turi daga tayar baya. Duk wadda mutum ya ɗauka a cikinsu, abin da ya sami Yaya a Kwangila da a gidan mai yana jiran sa.

Asabar ɗin da ta wuce na raka shi ɗaukar takin bana. Da sassafe muka yaye tamfol ɗin da ke rufe da ita a gindin dalbejiya, ya share busassun ganye daga gilashi, muka sauke buhunan yashin nan biyu muka jingine su a katangar masallaci. A shagon taki yaran suka riƙa jefa buhuna, bayan motar na sauka a hankali har farantan suka miƙe. Ya zaro littafi daga aljihun gaba, sabo ne, na farkon ya cika. Ya rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna, ya ce in ƙirga kafin a rufe ƙofar baya. Goma sha huɗu ne, kilo 700. Muka ɗauki hanyar Shika.